Karkarwar da Na Ɗora wa Zafin Sakkwato

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gayyato mahaifina da bakina don ya zo ya ga yadda zan ƙure Turawa ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har yanzu idan abin ya faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, can kuma in kama dariya ni kaɗai.

Gidanmu a Ƙofar Atiku yake, kuma gidan karatu ne. Mahaifina, wanda mu da baƙi duk Malam muke ce masa, yana da zaure inda magidanta ke zuwa ɗaukar karatun manyan littattafai da safe da kuma bayan la'asar. Yayyena duk sun bi sahu: wannan alƙali, wancan limami, ɗayan yana koyar da Larabci. Ni kaɗai na fita zakka, na tafi karatun injiniyan lantarki. Malam bai hana ni ba, bai kuma taɓa yi mini faɗa a kai ba. Abin da ya fi faɗa ciwo shi ne bai ɗauki abin a matsayin ilimi ba. Idan baƙo ya tambaye shi me ƙaramin ɗansa yake yi, sai ya ce, "Shina koyon gyaran rediyo," ya ci gaba da maganarsa. Sakamakon haka ɗakina ya cika da matattun rediyoyi da fankoki da tocilan na dangi, kowa yana jiran in gama digiri na biyu in gyara masa. Babban burina a lokacin bai wuce rana ɗaya Malam ya dube ni yadda yake duban yayyena idan sun warware mas'ala ba.

Bari in ɗan faɗi abin da nake karantawa, kada ku ma ku ɗauka gyaran rediyon ne. Idan ka buɗe waya ko kwamfuta za ka ga wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu da yawa a manne a jikin allo. Su ake kira cip. A bakin kowace ƙafa, daga ciki, akwai wani ɗan sashe da ake kira bafa, aikinsa ya tura saƙo waje zuwa wani cip ɗin, ko ya karɓi wanda aka turo. Saƙon kuwa ba komai ba ne illa wuta ta hau, wuta ta sauka, sau miliyoyi kafin ka ƙifta ido. Idan ta hau ta tsaya cak, lafiya lau. Idan kuwa ta hau ta zarce, ta dawo, ta yi ta karkarwa kafin ta natsu, cip ɗin da ke sauraro zai iya jin abu ɗaya sau biyu, na'ura ta rikice. Shi ya sa kafin a ƙera allo ake fara gwada komai a kwamfuta.

Matsalar ita ce kamfanin da ya ƙera cip ba zai taɓa nuna maka abin da ke cikinsa ba, sirrin sana'arsa ne. Sai dai ya ba ka wani fayil mai cike da lambobi wanda yake bayyana halin bafan kawai: idan an matsa masa da ƙarfin wuta kaza zai ba da kaza, yana hawa da sauri kaza, yana sauka da sauri kaza. Kamar dai a ba ka labarin halin mutum ba tare da an buɗe maka zuciyarsa ba. Aikina na digiri na biyu shi ne in ɗauki wannan samfurin hali na kamfani, in gwada shi a kwamfuta, sannan in auna cip na gaske, in ga ko sun dace. Aiki ne marar armashi, domin kowa ya san amsar da za a samu: sun dace. (Ni kuwa a shekarun nan ba na son abu marar armashi, har rubutun sunana sai na yi masa jela.)

Ina kewar wannan zamanin, ba zan ɓoye ba. Lokacin ba kowa ke da intanet a aljihu ba. Sai in hau kabu-kabu in tafi wata kafe ta intanet a Mabera, in zauna ina kallon fayil yana saukowa a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Ɗakin gwajinmu kuwa dogo ne mai taga ɗaya babba da ke kallon yamma, da fanka guda da take kuka fiye da yadda take ba da iska. A nan muke wuni ni da abokina Nasiru, wanda shi aikinsa a kan batirin sola yake. Muna da kwanon fura ɗaya da ludayi biyu, muna da mafarkin da ya fi ƙarfin ɗakin. Abin alfaharin sashenmu duka shi ne wata na'ura mai gilashi da ake kira osiloskof, wadda take zana maka hawa da saukar wuta ka gani da idonka. Kafin ka taɓa ta sai ka wanke hannu.

Na'urar tana da wani tsinken awo da ake ɗora bakinsa a ƙafar cip. A gefen tsinken ya kamata a ce akwai wata 'yar gajeriyar waya da ake maƙalawa a ƙasan allo, domin awon wuta sai da wurare biyu. To ita wannan 'yar wayar ta ɓace tun kafin mu zo, ba wanda ya san inda take. Ni da nake ji da kaina ban ga abin damuwa ba. Na biya ta Gawon Nama wurin wani mai sayar da kayan wuta, na ce ya yanko mini waya. Ya ce, "Kamu nawa kaka so?" Na ce ya sa da yawa, gara ta yi saura da ta gaza. Ya yanko mini wata koriya mai kyau, ta fi tsawon hannuna. Na liƙa bakinta ɗaya a jikin tsinken, ɗaya bakin na ɗaure shi a akwatin da ke ba allon wuta, wanda yake zaune a gindin taga. Na dubi aikina na yaba wa kaina.

Da na fara awo da safe, sai na ga 'yar karkarwa a gilashi wadda babu ita a kwamfuta. Ba ta da yawa, na share. Da azahar ta wuce, rana ta juyo ta shigo ta taga ta sauka a kan teburi, sai na ja allon zuwa ɗaya ƙarshen teburin inda inuwa take, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Na warware koriyar wayar da na nannaɗe a jikin igiyar tsinken don ta kai. Ina ɗaga kai na dubi gilashi, sai na ga layin yana tsalle yana rawa kamar an taka wutsiyar maciji. Washegari ma haka: da safe kaɗan, da rana tuli. Jibi ma haka. A watan Afrilu muke, kun san kuwa yadda Sakkwato take a Afrilu, ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Na dubi ma'aunin zafi da ke rataye a bango, na dubi gilashi.

Nan take na haɗa labarin duka. Waɗanda suka rubuta samfurin nan a ƙasar sanyi suke zaune, cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Ina suka san zafin Sakkwato? Ashe cip ɗinsu idan ya zo garinmu halinsa canzawa yake yi, su kuma ba su sani ba, sai da Allah ya kawo ni. Kafin la'asar har na raɗa wa abin suna, Karkarwar Sakkwato. (Na so in sa sunana a ciki, sai na ga ya fi kyau in bari wasu su sa daga baya.)

Nasiru ya leƙo ya duba, ya ce, "Kai dai ka bi a hankali. Ni batirina in yaj ji zahi lahewa shikai, ba rawa ba." Na ce masa batiri daban, cip daban, kuma ba kowa Allah ya ba idon ganin sabon abu ba. Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan fura.

Mai duba aikina, Dakta Ummaru, mutumin kirki ne da aka jibga wa aikin ofis a shekarar, kullum yana tsakanin wannan taro da wancan. Hotunan da na buga a takarda kawai yake gani, a tsaye a baranda. Don Allah kada a ɗora masa laifi, domin sau biyu yana tsayar da ni yana cewa, "Abin ga da ban mamaki. Ka sake aunawa kuwa?" Ni kuma na sake aunawa, da zuciya ɗaya, sau ba adadi. Sai dai kullum yadda na yi jiya haka nake yi yau: safe a gindin taga, rana a inuwa. Kullum kuma amsar tana fitowa yadda nake so. Daga nan na shiga fayil ɗin kamfani na dinga sassauya lambobi har kwamfuta ita ma ta koyi karkarwar, na kira shi gyararren samfuri don ƙasashe masu zafi. A kan kabu-kabu ma jawabin karɓar lambar yabo nake bitawa a zuci.

Wata rana bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, na shiga zaure na durƙusa. Malam yana mayar da takardun wani littafi cikin gafaka. Na ce, "Allah gafarta Malam, na gano kuskure cikin aikin Turawan da sunka ƙera abin da nika karantawa."

Hannunsa ya tsaya. Malam mutum ne da babu abin da yake faranta masa rai kamar gano inda mai kwafar littafi ya tsallake layi ko ya sauya harafi. Ya ɗago ya dube ni sosai, irin duban da na daɗe ina jira.

"Kuskure? Cikin rubutunsu?"

"Cikin lissahinsu, Malam. Ba su san zahin garinmu ba."

"Su da kansu ba su gani ba, sai kai?"

"Sai ni, Malam."

Ya ɗaure gafakar. Ya tambaye ni yaushe za a saurari aikin, na faɗa masa. Ya ce, "In Allah ya so ina zakuwa." Na fito daga zauren ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Malam bai taɓa taka makarantarmu ba, ko ranar da na karɓi digirin farko wana ya tura.

Daga nan na shiga shirin da ya ƙarasa ni. A ƙa'ida, ɗalibi yakan tsaya a aji ne ya nuna hotuna, a yi masa tambayoyi, a tashi. Ba wanda ya ce in kunna na'ura. Ni na je na roƙi a mayar da zaman ɗakin gwaji don a gani da ido. Ni na roƙi a sa shi bayan azahar, lokacin da rana take tsakiyar aikinta. Da ranar ta zo kuma, ni na miƙa hannu na kashe fanka, wai don kada iska ta ɓata bincike. A gida kuwa Inna ta sa an jiƙa shinkafar masa tun jiya, an gaya wa maƙwabta akwai walima.

Malam ya zo da manyan ɗalibansa uku, dattawa masu gemu, da ƙanensa Baffa. Aka ba su kujerun gaba. Ya zauna cikin farar rigarsa ya ɗora hannu a kan sanda yana kallon wayoyi da na'urori kamar wanda ya shigo kasuwar wata ƙasa. Malaman sashe suna gefe, ɗalibai sun cika baya har baranda, domin labari ya zaga cewa yau za a kunyata kamfani.

Mai jarrabawar da aka gayyato daga waje wata farfesa ce daga Kano, Farfesa Rabi, 'yar ƙaramar mace mai tabarau da igiya a wuya. Da ta ji an ce mahaifina ne a gaba, sai da ta je ta rusuna ta gaishe shi kafin ta zauna. Na ji daɗin haka a lokacin.

Na yi jawabi da Turanci, na zuba shi son raina. Na nuna layin kamfani mai santsi, na nuna nawa mai rawa. Na kunna na'ura, allon yana can ƙarshen teburi a inuwa, karkarwa ta fito a gilashi ɓaro-ɓaro, har wasu a baya suka yi tafi. Na saci kallon Malam. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya ji tafin, na ga ya gyara zama. Kowa a ɗakin gumi yake yi, Farfesa tana fifita da kwafin kundina.

Da na gama ta ce, cikin sanyin murya, "A fayil ɗin kamfanin, kowane jadawali yana da layi uku na lambobi. Da wanne ka yi aiki?"

Na ce da na farko.

"Sauran biyun na mene ne?"

Gaskiya na gan su, na ɗauka maimaici ne. Na ce ina jin na ko-ta-kwana ne. Ta ce ɗaya halin cip ne a cikin tsananin sanyi, ɗayan kuma halinsa a zafin da ya fi na Sakkwato nesa ba kusa ba, domin cikin na'ura mai aiki ya fi kowace rana zafi. Ta ƙara da cewa irin wannan cip idan ya ji zafi kasala yake yi, hawansa ya rage sauri, karkarwa ta ragu. Daga baya na ji wani ya yi tari, na san Nasiru ne.

Sai ta tashi ta zo teburin. Ba ta dubi gilashi ba, ba ta dubi cip ba. Ta ɗora yatsa a kan koriyar wayata, ta bi ta a hankali tun daga tsinken, ta ratsa teburi, har gindin taga. Tafiyar ta yi mini tsawo ƙwarai. Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce wayar ƙasa ce, ta asalin ta ɓace, ni na yi dabara.

Ta nemi a ba ta filaya. Ta yanki wani ɗan guntun waya da bai kai gaɓar yatsa ba, ta feƙe shi, ta naɗa a wuyan tsinken, ta cire tawa ta ajiye gefe. Ta ɗora bakin tsinken a ƙafar cip, guntun ya taɓa ƙasan allo a nan kusa da ƙafar. Na dubi gilashi. Layi ya hau ya tsaya cak, ya sauka ya tsaya cak, sak irin na kamfani. Rana tana nan, zafi yana nan, fanka a kashe, karkarwa babu ita babu alamarta.

Da a nan ta tsaya da da sauƙi. Sai ta mayar da wayata, karkarwa ta dawo. Ta matso da allon gindin taga, cikin ranar tsundum, ta nannaɗe wayar a jikin igiya, karkarwa ta ragu. Ta ja shi inuwa ta ware wayar, ta ƙaru. Ta yi haka ya kai sau uku, tana buɗewa tana rufewa, abin yana bin hannunta. Wata shida na yi ina auna wayar da na sayo a Gawon Nama, na rubuta mata kundi guda, har na koya wa kwamfuta halinta.

A raina na ce akwai sauran rufin asiri guda: duk da Turanci aka yi, Malam bai ji ba, zan iya kai masa labarin a gida yadda zai ɗauku. Ban gama wannan tunanin ba Farfesa ta juya wajensa ta rusuna. Tarbiyya ce ta sa ta, ta ga bai dace dattijo ya zauna ana magana a kan ɗansa bai san me ake ciki ba.

"Allah ya gafarta Malam, bari in yi bayani da Hausa. Wuta idan tana sauri irin wannan, doguwar waya takan sa ta yi kai da kawo kafin ta natsu. Rawar da aka gani ba daga cip ɗin take ba, daga abin awon take."

Malam ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Hajiya, ke nan Turawan ba su yi kuskure ba?"

"A nan dai ba su yi ba, Malam."

"Zahin gari hwa?"

"Babu ruwan zafi."

Ya nuna koriyar wayar da bakin sandarsa. "Wagga waya, ta wa ta?"

Kowa ya san mai amsar. Na ce, "Tawa ta, Malam." Muryar da ta fito ban san ta ba.

Farfesa ta tambaye ni ko ina da abin cewa don kare aikina. Ina da shi mana. A cikin kaina akwai jawabi kashi-kashi: tsinken ba shi da wayarsa, ba a koya mana ba, littattafan ɗakin karatu sun tsufa. Amma harshena ya manne a dasashi. Abin da ya iya fita kawai shi ne, "Haka ne, ranki ya daɗe." Na sake buɗe baki, na sake cewa, "Haka ne." Wani bawan Allah ya tashi ya kunna fanka.

Ba ta kayar da ni ba. Ta ce a ba ni wata uku in sake awon yadda ya kamata, in kuma ƙara babi a kan yadda abin awo yake yaudarar mai gwada samfuri, tunda a cewarta yanzu babu wanda ya fi ni sanin wannan a ƙasar nan. Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora.

Walima dai an yi ta, domin masa ba ta san an faɗi ba. Maƙwabta suka ci suka yi mini barka, Baffa yana amsawa da "Madalla, madalla," yana kallon ƙasa. Na shige ɗaki cikin matattun rediyoyina na rufe ƙofa. A ganina na gama yawo: dama ɗaya na samu a wurin Malam, na kuma kashe ta a gaban ɗalibansa.

Bayan magariba ya aiko a kira ni, ya ce in zo da wayar. Na same shi shi kaɗai a zaure. Ya karɓe ta ya juya ta, ya auna ta da kamunsa. Sai ya fara tambaya. Me ya sa doguwa take ƙarya, gajeriya take gaskiya? Idan abin awo yana iya ƙara nasa, ta yaya ake sanin ranar da ya faɗi daidai? Su masu cip ɗin, da suka ɓoye cikinsa suka faɗi halinsa kawai, wa yake tabbatar da ba su ƙara gishiri ba? Na ce ai aikin da aka ba ni ke nan tun farko. Ya ce, "Ashe aikin ga naka tantance masu ruwaya na." Muka yi ta yi har aka kira isha'i. Tunda nake, ban taɓa zama da Malam muna magana a kan karatuna ba sai ran nan, kuma ban ƙara jin ya ce gyaran rediyo ba. Da zan tashi na miƙa hannu in karɓi wayata, ya ce in bar ta.

Ashe rataye ta zai yi a ƙusa, a zaure, sama da inda yake zama. Duk shekara idan karatu ya kai babin shaida, sai ya nuna ta da sanda ya ba da labarina daga farko har ƙarshe, da fankar da na kashe da komai. Na gama digirin, na samu aiki, yau shekaru ke nan ina gina irin waɗannan samfurori ina kuma gwada na wasu, daga ɗakina a Mabera, ana turo mini aiki daga ƙasashen da na so in ƙure. Amma a Ƙofar Atiku sunana bai canza ba. Yaran da aka haifa bayan abin ma Mai Waya suke ce mini. Na sha yin niyyar in roƙi Malam ya sauke ta, kunya ta hana.

Da Allah ya yi masa rasuwa, muna zaman makoki a ƙofar gida, wani dattijo manomi da ya zo daga wani ƙauye a bakin fadama ya bi layi yana gaisuwa, yana tambaya, "Wane na mai wayar?" Aka nuna ni. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na saba ji. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce shekara da shekaru yana son ya gan ni.

"Malam ya sha hwaɗa muna. Yac ce cikin ɗiyanai kai ɗai yag gani da idonai an hwaɗa ma gaskiya gaban jama'a, ga ubanka zaune, kac ce haka na, ba ka ƙara ko harahi ba. Yac ce shi kanai bai san ko shina iyawa ba."

Ban taɓa zama na ji ƙarshen labarin ba, kullum da Malam ya ɗaga sanda nake sulalewa. Na riƙe hannun dattijon, hawayen da na danne tun safe suka zubo. Na so in gaya masa gaskiya, cewa ba tawali'u ba ne, harshena ne ya ƙi motsi, da ya motsa da na yi gardama har magariba. Ban faɗa ba, kuma ba na jin zan taɓa faɗa a Ƙofar Atiku.

Abin da na koya dai bai da yawa. Kafin ka tuhumi kamfani, ko rana, ko garinku, fara duba abin da ke hannunka. Idan kuma ka riga ka tara jama'a ka kashe fanka, to ka yi shiru, wataƙila wani mai ƙaunarka ya fassara shirun da abin da ya fi ka kyau.